Ina Ruwan Ɗan Arewa Da Kawar Tafkin Ikko?

Jama'a masu karatu, na sani tun daga kan maganar nan wani zai ce yau kuma me ya kai mu zancen kawa da dodon koɗin ruwa, alhali ga tsadar abinci da kuɗin haya da kuɗin mota sun sha mana kai? Wani ma ko sunan abin bai sani ba, sai dai yakan gan shi cikin daro a kasuwar Oyingbo, ko a bakin ruwa a Epe da Fatakwal da Kalaba, ya kau da kai ya wuce yana cewa ai abincin mutanen Kurmi ne. To, a yi mini haƙuri a bi ni sannu a hankali, domin ni a nawa ganin abin da ke shirin samun waɗannan ƙananan halittu ya shafe mu, mu da muka baro gida muka zo neman abinci a bakin teku, fiye da yadda muke zato.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kansa. Kawa wata halitta ce mai ɓawo biyu, 'yar'uwar ƙumbar nan da yara ke tsinta a kogunanmu na Arewa. Tana ƙarama ƙwarai, ido ma ba ya ganinta sosai, take yawo cikin ruwa na 'yan makonni, sa'an nan ta sami saiwar itace ko dutse ko ƙarfen gada ko tsohon ɓawon wata kawar ta manne, kuma nan za ta zauna har ƙarshen ranta. Ba ta farauta. Buɗe baki kawai take yi ta zuƙi ruwa, ta tace ɗan abincin da ke ciki, ta fesar da sauran. Kifi in ruwa ya ɓaci sai ya kaɗa wutsiya ya sake wuri. Manomi in fari ya matsa masa sai ya ɗauki buhunsa ya tafi ci-rani, kamar yadda iyayenmu da yawa suka yi a farin 1973 da na 1984. Kawa kuwa ba ta zuwa ci-rani. Duk abin da ya sami ruwan da take ciki, a kanta zai ƙare.

Inda ta fi son zama shi ne tafkunan bakin teku da bakunan koguna, watau inda ruwan daɗi na kogi ke gamuwa da ruwan gishiri na teku su ba da ruwan zartsi. Irin waɗannan tafkuna sun jeru tun daga ƙasar Gana, su bi ta Togo da Kwatano, su shigo mana ta Badagiri, su haɗe da babban tafkin Ikko wanda muke ƙetarewa ta kan gada kullum, su wuce Epe da Lekki, har ƙasar Ilaje a jihar Ondo. Daga nan kuma sai ƙoramun Neja Delta, inda Nijeriya take da dajin itacen mangurof mafi girma a duk nahiyar Afirka. Mangurof shi ne itacen nan mai dogayen saiwoyi a waje kamar ƙafafun gizo-gizo, wanda ke tsaye cikin taɓo da ruwan zartsi. A jikin saiwoyinsa kawarmu take mannewa, a cikin taɓon gindinsa kuma ake tsintar ƙaramin dodon koɗin nan mai tsini da mutanen Fatakwal ke kira isam, mutanen Kalaba kuma mfi.

A ƙasashen Turawa da na Asiya kiwon kawa ake yi sosai kamar yadda ake kiwon kaji. Ana ƙyanƙyashe 'ya'yanta a gidaje na musamman, a ɗaura su a igiyoyi ko a zuba su a kwanduna a rataye cikin tafki, a jira su girma. Kusa da mu ma, a tafkin da ke wajen garin Wida na Jamhuriyar Benin, mata sun daɗe suna tsinto ƙananan kawa su zube su a wurin da kowace ta shata a matsayin gonarta, su bar su su ƙosa kafin su kwashe. A nan Nijeriya kuwa, ko da yake masana sun yi gwaje-gwajen kiwonta a wajen Buguma ta jihar Ribas, har yanzu galibin abin tsinta ce. Mata ne ke shiga kwalekwale in teku ta janye, da adda da kwando, su ɓamɓaro abin da Allah Ya hore, su dafa, su ɓare, su kyafe, su kai kasuwa. Da shi ake biyan kuɗin makaranta a ƙauyuka masu yawa da mota ba ta zuwa.

To, ina sauyin yanayi ya shigo? Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar gishiri, domin ita ce ta fi kusa da mu.

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kamar giram 35 a kowace lita, na kogi kuwa kusan babu. Tafkin Ikko yana tsakani, kuma ba ya zama a hali ɗaya. Da rani, in kogin Ogun da sauran ƙoramu sun ja baya, sai ruwan teku ya kutso ta mashigin da jiragen ruwa ke bi zuwa Apapa, gishiri ya hau tafkin. Da damina kuwa sai koguna su rinjaya, tafkin ya koma kusan ruwan daɗi zalla. Kawa ta saba da wannan kai-da-kawowa. In ruwan ya yi salam ƙwarai sai ta rufe ɓawonta gam ta jira. Amma fa muddin tana rufe ba ta cin abinci. Za ta iya jure kwanaki, in abin ya zarce makonni sai ta mutu a cikin ɗakinta. Sa'an nan 'ya'yanta masu yawo cikin ruwa ba su da ɓawon kirki da za su ɓuya a ciki, ambaliya takan kwashe su ta watsar.

Masana sun tabbatar da cewa duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri ɗaya, tururin ruwan da take iya ɗauka yakan ƙaru da kamar kashi 7 cikin ɗari. Ma'ana, in hadari ya tashi zubarwa sai ya zubar da yawa a lokaci guda. Mun ga ambaliyar 2012. Mun ga ta 2022 wadda ta hallaka mutum fiye da 600, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, ta yanke jihar Bayelsa daga sauran ƙasa na makonni. Kowa ya ƙidaya gidaje da gonaki da hanyoyi, kuma daidai ne a ƙidaya su. Amma duk ruwan nan da ya taso tun daga Binuwai da Kwara, ƙarshensa cikin ƙoramun Delta ya zube, a kan gonar matan nan da ba ta da shinge. Haka kuma duk shekarar da madatsar ruwa ta Oyan ta cika aka buɗe ta, bayan unguwannin bakin kogin Ogun sun sha, tafkin Ikko ne ke karɓar sauran.

Ta ɗaya gefen kuma teku ce ke tasowa. Daga 1901 zuwa 2018 tekun duniya ta hau da kamar santimita 20, watau taƙi guda, kuma hawan sai ƙara sauri yake yi. Wani zai yi dariya ya ce taƙi guda ai ba komai ba ne. Ba komai ba ne a Jos, inda ƙasa ke da tudu. A ƙasar da take shimfiɗe kamar faifai, taƙi guda yana tura ruwan gishiri nesa cikin ƙoramu, yana kuma ƙara wa igiyar ruwa ƙarfin cin gaɓa. Wanda yake shakka ya je Ayetoro ta ƙasar Ilaje, garin da aka kafa a 1947, ya tambayi inda tsofaffin titunansa suke, za a nuna masa teku. Ɗan siririn yashin da ya raba tafki da teku shi ne katangar tafkin. Ranar da ya fashe, tafki ya tashi daga tafki, abin da ke cikinsa kuma ya sami kansa a ruwan da bai saba da shi ba. Ita ma ƙumbar da ake haƙowa a kogin Kuros ta wajen Itu a ruwan daɗi take zaune, gishiri in ya hau kogi ya matsa mata. Kun ga ke nan wuƙar baki biyu gare ta: da damina ruwan daɗi ya yi yawa, da rani gishiri ya yi yawa, ɗan tsakanin da halittun nan ke jin daɗi sai ƙara ƙuntata yake yi.

Sai maganar zafi. Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara rubuta awo, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na rarar zafin da duniya ke tarawa teku ce ke shanye shi. Tafki kuwa ba shi da zurfi. Galibin tafkin Ikko, in ka cire hanyar jirage da ramukan masu haƙar yashi, bai wuce mita biyu ba. Kowa ya san ruwan faranti ya fi na randa saurin ɗaukar zafi. Ruwa kuma in ya ɗumama, iskar shaƙa da ke narke a cikinsa raguwa take yi. A kudancin Faransa akwai wani tafki mai suna Thau, kusa da garin Sète, wanda ya shahara wajen kiwon kawa. A watan Agusta na 2018 zafi ya tsananta, iska ta ɗauke, ruwan ya haura digiri 29 kwanaki a jere, ciyayin ƙarƙashi suka ruɓe suka cinye iskar da ta rage. Masu kiwo suka yi asarar wajen kashi ɗaya cikin uku na kawarsu, baƙar ƙumbar da suke kiwo tare da ita kuwa kusan duka ta mutu. A ƙarshen watan Yuni na 2021 kuma, a yammacin Kanada da Amurka, zafin da ya kai digiri 49.6 a wani ƙauye ya zo daidai da lokacin da teku ke janyewa da tsakar rana, halittun gaɓa suka dahu a inda suke manne. Waɗannan fa mutane ne masu inshora da gwamnatin da ke biyan diyya. Kada kuma a ce tamu kawar ta ƙasar zafi ce, ta saba. Wanda ya saba ɗaukar buhu guda ba shi ne ke nuna zai iya ɗaukar biyu ba. Sau biyu a kowace rana teku ke janyewa ta bar ta a fili.

Har ila yau ruwan ɗumi yana raya ƙwayoyin cuta dangin na kwalara, kawa kuwa da yake tace ruwa take yi, tana tara abin da ke cikinsa. Saboda haka mai ci ya dafa ta ta dahu sosai, kada ya kwaikwayi Turawa masu haɗiye ta ɗanya. Yana kuma buɗe ƙofa ga baƙin halittu: a 2023 wata shuɗiyar ƙaguwa 'yar asalin Amurka ta yi ta hayayyafa a tafkunan bakin kogin Po na Italiya, ta cinye ƙumbar da ake kiwo, har gwamnatin ƙasar ta ware Yuro miliyan 2.9 don yaƙarta.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Iskar kabon da ke fitowa daga ƙona fetur da gas da kwal ta tashi daga kamar 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa fiye da 420 a yau, kuma teku tana shanye kamar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake fitarwa. In ta narke a ruwa sai ta sa shi tsami. An ƙiyasta tsamin saman teku ya ƙaru da wajen kashi 30 cikin ɗari. Ba tsamin da harshe zai ji ba ne, amma ɓawon kawa da alli da ɓawon ƙwai duk asalinsu ɗaya, kuma wanda ya taɓa ɗiga lemun tsami a kan alli ya san abin da ke biyo baya. Babbar kawa takan jure. Jaririyar da ke ƙoƙarin gina ɓawonta na farko cikin kwana biyun farko na rayuwarta ita ce ke kasawa. A 2007 da 2008 wani babban gidan ƙyanƙyasar kawa a jihar Oregon ta Amurka ya ga 'ya'yan kawa suna mutuwa miliyoyi, aka yi ta zargin cuta, daga baya aka gano ruwan da suke jawowa daga teku ne ya yi tsami. Kun san maganin da suka yi? Suka sa na'urar awo, suka riƙa zuba wa ruwan tankunansu wani gari ɗan'uwan kanwa, kamar dai yadda uwargida ke jefa kanwa a miyar yakuwa ta kashe tsami. Dabara ta yi kyau, amma a tanki. Wa ke da kanwar da zai zuba wa tafkin Ikko? Balle ma a tafki ruwan ambaliya da ruɓaɓɓiyar shara suna ƙara nasu tsamin a kan na sama.

Na san abin da mai gardama zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Zai ce malam, bar zancen digiri da santimita, abin da ke kashe kawa a ƙasar nan yau ɗanyen mai ne da ke malala a ƙoramu, da haƙar yashi, da cike bakin ruwa ana gina gidaje, da shara da ruwan masana'antu, da saran mangurof don itacen kyafa kifi. Haka ne. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran wurin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Ga wani irin kwakwan ruwa mai suna nipa da aka shigo da shi Kalaba a 1906, yana cinye gurbin mangurof alhali ba shi da saiwar da kawa za ta kama. Ga kainuwar nan mai shuɗin fure da ta shigo ta Badagiri a 1984, wadda ke rufe tafki duk lokacin da gishiri ya yi ƙasa. Ban musa ko ɗaya ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tafkin da yake da lafiya, da dajinsa a gefe, yana iya shan mugunyar shekara ya farfaɗo. Wanda aka riga aka raunana, shekara ɗaya ta zafi ko ta ambaliya ta isa ta ƙarasa shi. Kuma a nan ne nake ganin ɗan haske, domin zafin duniya ba ya hannunmu, amma adda da shara da yashi suna hannunmu.

Yanzu sai mu koma ga tambayarmu ta farko. Ina ruwanmu?

Da fari dai ciniki. Busasshen jatan landen nan da ake kira kirefish, wanda 'yan'uwanmu ke saye buhu-buhu a Oron da Oyingbo suna lodawa zuwa Kano da Kaduna da Jos, da kifin da ake kyafewa a bakin teku, yawancinsu a bakunan koguna da gindin mangurof suke yin ƙuruciya. Ruwan da ya kashe kawa ba zai bar su lafiya ba, sai dai ita ce ke fara faɗuwa saboda ba ta gudu. Ɓawonta kuma ana niƙa shi a zuba a abincin kaji masu ƙwai don ɓawon ƙwan ya yi ƙwari, har a gonakin kaji na Arewa. Wanda ke ƙyamar naman, ya sani ya daɗe yana cin amfanin ɓawon. (Ƙyama ma dabam, haramci dabam. A mazhabar Imamu Malik da yawancinmu ke bi, abin da ke rayuwa cikin ruwa halal ne.)

Na biyu, mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan labari. Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, zuwa tsakiyar shekarun 1980 ya rasa kamar kashi 90 cikin ɗari na faɗinsa. Ya ɗan farfaɗo daga baya, amma mun ga yadda masunta da manoma da makiyaya suka dawo suna tsayayya a kan ɗan abin da ya rage. Mun kuma sani, in abinci ya yi ƙaranci a gari, baƙo ake fara kallo. Duk wanda ke zaune a Ikorodu ko Ajah ko bakin ruwan Fatakwal, zaman lafiyarsa yana rataye da ƙoshin masu masaukinsa.

Abin da nake so hukuma ta duba ba a Turai yake ba. A ƙasar Gambiya, wata baiwar Allah mai suna Fatou Janha ta haɗa kan mata masu tsintar kawa a 2007 suka kafa ƙungiyar TRY. A 2012 gwamnati ta ba su, su kaɗai, ikon ɗibar kawa da ƙumba a dausayin Tanbi da ke kusa da Banjul. Da wurin ya zama nasu, da kansu suka sa doka: wata huɗu ake ɗiba, daga Maris zuwa Yuni, a bar ruwa ya huta wata takwas, ba a ɗaukar ƙanana, ba a sare saiwa don a kwashe abin da ke jikinta. A bakin kogin Densu kusa da Ankara ta ƙasar Gana, mata suka je suka gani suka kwaikwaya, suka fara rufe ruwansu na wata biyar a 2017, suna dasa mangurof, suna auna gishirin ruwa da hannunsu, suna mayar da tsofaffin ɓawo cikin kogi. Yawancinsu ba su yi boko mai zurfi ba. Abin da aka ba su shi ne takardar da ta ce ruwan nan nasu ne.

Mu muna da Cibiyar Binciken Teku ta ƙasa da aka kafa a Ikko tun 1975, muna da dokar sauyin yanayi ta 2021, an kuma kafa Ma'aikatar Harkokin Teku a 2023. Ina kira gare su, da gwamnatocin jihohin bakin teku, su shata wa matan nan wurarensu a rubuce kafin mai yashi ko mai gini ya riga su, su kafa wuraren auna gishiri da zafin ruwa a sanar da jama'a ta rediyo kamar yadda ake sanar da manoma zuwan damina, su kuma koya musu kiwo a igiya da kwando mai iyo. Amfanin kwando shi ne ana iya ɗaga shi. In an ji za a buɗe madatsa, sai a ja shi zuwa inda gishiri yake, in zafi ya tsananta a nutsar da shi ƙasa. Watau kawar da ba ta iya ci-rani da kanta, mai ita ya kai ta. Sa'an nan sabuwar hanyar bakin teku daga Ikko zuwa Kalaba da aka fara a 2024, a bar wa ruwa mashigai isassu a ƙarƙashinta, domin ƙorama in aka toshe ta, mangurof ɗin bayanta mutuwa yake yi.

Namu kason kuma, sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su ja kunnen yaranmu masu tura kurar shara kada su juye ta a kwata da dare, domin kwatar Agege da ta Mushin duk ruwa ɗaya suke nufa. Masu sayen itace a bakin ruwa su tambayi inda aka saro shi. Su kuma dillalan ɓawon kawa, in matan wani ƙauye suka ce daga bana kashi kaza na ɓawon ba na sayarwa ba ne, cikin ruwa za a mayar da shi don 'ya'yan baɗi su sami abin kamawa, kada wani ya zagaya ta bayan fage ya ƙara kuɗi ya kwashe.